Gabas Ɗin Baba

Ƙotar fartanyar ta karye a hannuna. Ƙarfen ya tsaya cikin ramin, ni kuma na yi baya na zauna daɓas bisa ƙasar da na tono. Tafin hannuna duk ya yi bororo, wani har ya fashe yana ruwa.

Abokina na tsaye kan guntun katangar da ta rage ta gidan maƙwabcinmu, ya kare ido da hannu yana duban yamma. Shi ya goyo ni a babur ɗinshi tun daga Batsari, kuma tun da muka iso bai yarda ya zauna ba.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Fartanya ta fi ka hankali. Tashi mu tafi."

"Miƙo mani dagin nan."

"Ba ni miƙowa. Dubi yadda ka mai da wurin, kamar gonar gyaɗar da gafiya ta kwana ciki. In da tulun nan yana nan ai da tuni ya yi maka sallama."

"Yana nan. Baba ba ya faɗin abin da ba shi ba."

"Ni na ce ya faɗi abin da ba shi ba? Kai ne ba ka san inda kake ba. Tsaya ma. Yi shiru."

Na yi shiru. Da farko iska kawai nake ji tana kaɗa ganyen tumfafiya. Sai can ƙasa-ƙasa ta wajen daji na ji wani gunji, kamar zuma ta taso. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san wannan ƙarar. Babur ɗaya ba ya yin ta, biyu ma ba su yi.

"Ai suna nesa," na ce.

"Nesa, a kan babur? Wallahi makarantar da ka bari ba ta yi asara ba."

Abin da nake nema tulu ne na ƙasa, cike da irin gero. Geron gidanmu. Mai gashi ne, mai dogon kai, tsuntsu in ya sauka kanshi sai gashin ya soke mashi ido ya tashi. Yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke a tsakiyar Satumba bai taɓa ba mu kunya ba. Kakan Baba ya zo da shi garin, daga ina, babu wanda ya sani. Duk kaka, kafin masu girbi su shiga gona, Baba zai riga su shi kaɗai da 'yar wuƙarshi, yana bi yana shafa kawunan yana zaɓe. Waɗanda ya zaɓa daban ake ɗaure su, daban ake rataye su. Ko yunwa ta kai ina ba a taɓa su. Na taɓa sato kai ɗaya na yi tumu ina yaro, dukan ranar har yau in na tuna sai bayana ya yi ƙaiƙayi.

Da ɓarayin daji suka fara cin garuruwan da ke kewaye da mu, ɗaya bayan ɗaya, Baba ya sussuke irin da hannunshi, ya cuɗa da toka, ya ɗura a tulu, ya yaɓe bakin da laka, ya binne. Bai gaya wa kowa wurin ba. Ya ce abin da mutum biyu suka sani, bindiga na iya tambayo shi. Ranar da namu ya zo, da rana tsaka suka shigo, suka ƙone rumbuna kaf. Mu dai mun fita da rai da rigunan jikinmu. Maƙwabta da suka samu suka fito da ɗan irinsu, wanda kakanninsu ko iyayensu suka samo daga gidanmu, a watannin farko na gudun hijira suka daka shi suka yi kunu. Ban ga laifinsu ba. Sai ya zama geron nan duk duniya babu inda ya rage sai cikin tulun Baba.

Kuma iri ba dutse ba ne. Baba ya sha faɗa tun yana da lafiya, gero cikin toka yana jure damina biyu, ta uku in ba a kai shi ƙasa ba, to ya mutu a tsaye, ko ka shuka ba ya tsira. Damina ta uku ke nan ta ƙarato.

A Batsari ɗaki ɗaya wani ɗan'uwanmu ya ba mu, ni da Baba. Inna ta daɗe da rasuwa. Yayata tana aure a Runka. Ni na yi tallar mai a galan, na yi dakon siminti, na bi mota kwana kaɗan na sauka, a ƙarshe dai na zauna a shagon cajin waya na wani mutum, ina karɓa ina jonawa. Makaranta tun aji biyu na sakandare aka rufe ta saboda tsaro, da aka buɗe ban koma ba. Dama ni da ita ba mu jitu ba. Na saba da allo, sai in fara rubutun boko daga dama, malamin ya buge mani keya ya ce ni wace duniya na fito.

A shagon nan ne na ga wani bidiyo a waya, wani mutum yana bayani da Hausa. Wai wasu masana sun haɗa saƙo, sun maƙala shi jikin kumbo, sun harba can gaba da wata da rana, ko akwai wasu halittu a can da za su tsinta wata rana. Ya ce wahalar da suka sha ba ta yare ba ce kawai. Wahalar ita ce ta ina mai karatun zai fara. Daga dama ko daga hagu, daga sama ko daga ƙasa. Me ya fara faruwa, me ya biyo baya. Ka ce masu gabas, gabas ɗin wa, su da ba su da ranarmu? Ka zana masu kibiya ka ce su bi ta, wanda bai taɓa harbi ba ina ya san kan kibiya da gindinta? Ya ce ko dama da hagu ma, in ba a gabanka mutum yake ba ka kama hannunshi ka nuna mashi, abin ba ya faɗuwa da baki cikin sauƙi.

Na kalli abin nan har batir ya mutu, na jona na sake kallo. Na nuna wa abokina da ya zo caji.

"Ka ji marasa aikin yi," in ji shi. "Mu da ke nan bakin titi an kasa gano inda muke, sai na bayan wata ake wa aike. Ka ce su zano taswirar Batsari tukuna."

Malam ma na tambaye shi. Malamin Islamiyyar garinmu ne, tare muka gudo, yanzu yana koyarwa a nan.

"Allah gafarta Malam, wai akwai mutane can sama?"

"Wanda ya halicci waɗannan bai gaza halittar wasu ba," in ji shi. "Amma kai da alwala ba ta ishe ka ba, mi ya kai ka sama?"

Malam ɗin ne ya samo mana aron wani ɗan fili bayan makarantar da yake koyarwa, ya ce Baba ya shuka ko mi ne ne ya rage zama. Lokacin ciwon ya riga ya kama Baba. Ɓarin jikinshi na hagu ya shanye, baki ya karkace, magana sai ya yi kamar yana jan guga daga rijiya mai zurfi kafin kalma ɗaya ta fito. Da ya ji batun fili, washegari da hantsi ya kama gefen rigata ya ƙi saki. Na gane magana zai yi, na danna waya na ɗauki muryar. Ga abin da ya ce, na haddace shi don na saurare shi ya fi a ƙirga:

"Turken jaki... ƙarƙashinai. Na yaɓe bakinai. Rumbu shina hannun dama. Igiyar guga, tsawonta. Rijiya. Gabas... gabas dai, awa za ka yi salla."

Shi ke nan. Bayan wannan bai ƙara haɗa magana mai tsawo haka ba.

Ni a ganina abin a fili yake. Ka tsaya bakin rijiyarmu, ka fuskanci gabas kamar za ka yi salla, ka yi tafiyar tsawon igiyar guga, rumbu na damanka, ka iske tsohon turken jaki, ka tona. A gidan aka haife ni. Na ce ko idona rufe zan je wurin.

Da muka isa sai na tsaya ina ta juyi. Babu gida. Katangu sun narke sun zama tudu-tudu, ciyawa ta bushe a kansu, tumfafiya ta fito har cikin inda nake zaton ɗakin Inna ne. Bishiyar ɗinyar da ke ƙofar gida an sare ta, kututturen ma an ƙone. Hanyar da muke bi zuwa masallaci ta ɓace. Ban taɓa sanin cewa da bangon mutane da kukan awakinsu nake gane hanya ba sai ranar. Na tsaya tsakiyar garin da aka yanke mani cibiya kamar wanda aka jefo daga wata duniya da saƙo a aljihu. Maganar mutumin bidiyon nan ta faɗo mani, na kore ta.

Rijiya dai tana nan, ba ta ɗaukuwa. Gindin rumbu ma na gane shi, duwatsun da aka ɗora shi kai sun yi baƙi da wuta. Turken jaki kuwa gara ta gama da shi tun tuni. Igiyar guga babu, sai na kimanta da ido yadda nake tuna ta in an shimfiɗe ta a tsakar gida. Saura gabas. Rana ta riga ta hau tsaka, ba ta nuna komi. Abokina ya fiddo wayarshi, akwai abin nan mai nuna alƙibla ko ba sabis, ya ɗora a tafin hannu, allurar ta yi rawa ta tsaya.

"Ga gabas ɗinka nan, Alhaji."

Na bi inda ta nuna. Ina tafiya sai ga gindin rumbu a hannun damana, daidai yadda Baba ya ce. Har na yi dariya. Na ce wa abokina ya shirya buhu.

Tun daga lokacin nake tono. Na tona inda na kimanta, babu. Na matsa gaba, na dawo baya, na faɗaɗa. Na ci karo da fasassun kasko, da wani tsohon takalmin roba, da ƙashin da ban tsaya duba ko na mi ne ba. Har fartanya ta karye, har gunjin nan ya taso.

"Ba ni ɗan lokaci kaɗan," na ce wa abokina. Na rarumi dagin da kaina na soka a wani wuri sabo.

Ya diro daga katangar ya riƙe ƙarfen. Ba wasa a fuskarshi yanzu.

"Ina da mata, ina da 'ya. Kai kana da tsoho a kwance da ba ya iya kai kanshi bayi. In suka same mu a nan, wa zai juya shi? Geron?"

Na saki dagin.

Bai ta da babur ɗin ba, don ƙararshi. Muka tura shi da hannu muka gangara cikin busasshen rafin da ke bayan gari, yashi na riƙe tayoyin, gumi na shiga mana ido. Gunjin yana ƙaruwa a bayanmu, har muna jin muryoyi sama-sama. Na waiga sau ɗaya, ban ga kowa ba, sai dutsen garinmu mai tsagar nan a ka, tsaye yadda yake tun ina yaro. Sai da muka sha kwana rafin ya ɓoye mu sannan ya buga, na ɗare baya, muka fita ta gonakin da ba wanda ya share.

Mun kusa shiga gari ya rage gudu ya ce, "Mu biya kasuwa mu auni gero, mu cuɗa mashi toka. Tsohon nan ido ya yi rauni. Ya samu kwanciyar hankali."

"Mutumin da ke gane geronshi da ɗan yatsa cikin duhun rumbu?"

Ya ƙara wuta muka shiga gari.

Na iske Yaya ta zo daga Runka duba Baba, da goyon ɗanta, wanda aka haifa bayan mun gudo. Ta ga buhu a naɗe ƙarƙashin hammatata, ta ga ƙafafuna, ta kau da kai ta ci gaba da fifita wuta. Na durƙusa gaban Baba na gaishe shi. Bai dubi buhun ba. Hannuna ya kamo da hannunshi mai lafiya, ya juya tafin, ya bi bororon da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, yadda yake shafa kan gero. Sannan ya saki ya juya fuska bango.

Da aka kira magariba na yi mashi alwala, na shimfiɗa mashi tabarma daidai yadda mutanen gidan ke shimfiɗa tasu, na zaunar da shi. Sai ya sa hannu ya ja bakin tabarmar, ya karkata ta dama, ya gyara zama ya bi ta. Kullum haka yake yi. Ni a zatona ciwon ne ke karkata shi. Na sa hannu zan mai da ita.

"Ƙyale shi, Auta," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Gabas ɗinshi ke nan."

"Gabas kala biyu ne?"

"A garinmu? Ƙwarai kuwa. Kai kana ƙarami, ba ka tunawa. Masallacin kakanni suka gina shi, suka dubi inda rana ke fitowa suka sa gabansu. Da Malam ya dawo daga karatu ya zo da abin awo, ya ce alƙibla ta ɗan yi arewa da haka. Ya ja sabbin layuka a ƙasa, a karkace, sahu ya daina bin bango. An yi ta rigima har da masu ƙaurace wa jam'i. Baba bai yi rigima ba. A masallaci ya bi sahu, a gida ya riƙe na ubanshi. Ya ce shi ba zai juya wa tsohonshi kafaɗa ba."

Sai lokacin na gane. Wayar abokina gabas ɗin Malam ta nuna mani. Baba kuwa da ya ce awa za ka yi salla, sallar shi yake nufi, ta tsakar gida.

"Amma rumbu ya fito mani a dama," na ce. "Yadda ya faɗa."

"Kunna mani in ji."

Na kunna. Ta saurara tana jijjiga yaron. Ta ce in sake. Sai ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Kai Auta. Yau ka san Baba? Yaushe ya taɓa fara labari daga farko? Zai shigo ya ce akuya ta mutu. Sai an yi salati ya ce leda ta ci. Sai can ya ce ai igiya ta tsinke da safe. Saurara mana. Da turke ya fara, da rijiya ya ƙare. Ya gama binnewa ne, ya taso zai je ya wanke hannu. Dawowa yake yi. Mai dawowa rumbu na damanshi, to mai zuwa fa?"

A hagu. Rumbu ya kamata ya kasance a haguna. Na bi gabas ɗin da ba shi ba, ya kai ni arewa da rumbu, sai ga rumbu a dama, na ɗauka shaida ce. Kuskure biyu suka haɗu suka yi wa juna shaida, ni kuma na yini ina tono a gefen da babu komi. Tulun yana ɗaya gefen. Wataƙila ma ƙasar da na riƙa watsawa a kanshi take sauka.

Da Baba ya sallame na matsa kusa. "Baba, rumbun nan, da za ka tafi ne yake dama, ko da za ka dawo?"

Ya buɗe baki. Wuyanshi ya yi jijiya. Abin da ya fito ba magana ba ce. Ya sake gwadawa, miyau ya zubo, na share mashi. Sai ya miƙa yatsa ya ja layi a ƙasa gefen tabarma, ya dube ni, ya sake bin layin da ƙarfi, yana dubana kamar ya gama faɗa mani komi. Layi ne kawai. Ba kai, ba gindi. Na ce na gane, Baba. Ban gane ba.

Ko takalmi ban sa ba na nufi wurin abokina a bakin tasha. Na ce mashi na gano, gobe da sassafe mu koma, ba zan wuce ɗan lokaci ba.

"Ba ka ji ba ke nan," in ji shi. "Masu itace sun shigo ɗazu. Mutanen nan ba wucewa suka yi ba. Sun sauka. Sun ga rijiya mai ruwa, sun kafa zango a garinku. Yanzu haka da rijiyar ubanka suke shayar da shanun mutane."

"Za su tashi ai."

"Ina suka taɓa sauka suka tashi da damina? Ciyawa na fitowa ta rufe su, sai kaka, in an yi sa'a." Ya dafa kafaɗata. "Ka yi haƙuri, mutumina. Ko jirgi ka ba ni ba ni zuwa."

Na zagaya wurin wasu masu babur. Duk wanda na ambata wa sunan garin sai ya dube ni kamar na zage shi.

A cikin satin ruwa ya sauka, mai yawa, irin na shuka. Ina tsaye a shago ina kallon shi yana dukan kwano, abin da nake gani ramukana ne suna cika, ruwan na tsattsafawa ta ƙarƙashin ƙasa yana neman tulun. Laka ce a bakinshi, ba ƙarfe ba. Filin Malam na shuka shi da geron kasuwa don kar a ce mun raina kyauta. Da ya tsiro na goya Baba a baya na kai shi ya gani. Ya sa na tsuge mashi ɗaya, ya murza ganyen, ya yar. Bai sake yarda an kai shi ba.

Yaya ta koma Runka. Na kwana biyu ina kai da kawo tsakanin shago da gida, zama ya gagare ni. Ina ta tunanin mutanen kumbon nan. Su ma sun san da wuya a tsinci saƙonsu, in ma an tsinta su sun daɗe da zama ƙasa. Da na ɗauka rashin aikin yi ne kamar yadda abokina ya ce. Wata rana bayan azahar na fita bayan shago inda ba hayaniya, na danna waya na aika wa Yaya wannan:

"Yaya, ina wuni, ya yaro. Baba yana nan yadda kika bar shi, ya ɗan sha kunu. Wannan saƙon ba naki ba ne, na yaron ne. Ki aje mashi, in waya za ta lalace ki tura wata. In ya girma, in an taɓa komawa, ki kunna mashi.

"Kai yaro, kawunka ne. Ba ka san garin ba, don haka ba zan ce maka gidan wane ko bishiyar wane ba, babu su. Kar ka bi waya. Kar ka bi rana, inda take fitowa da rani daban, da damina daban. Ka nemi dutse mai tsaga a ka, shi ba mai ɗauke shi. Ka nemi rijiya. Daga rijiya za ka fara, ka ji, daga rijiya, ba a nan za ka ƙare ba. Ka tsaya bakinta ka juya har tsagar dutsen ta zama daidai keyarka. Inda fuskarka ke duba, nan ne gabas ɗin kakanka. Ka miƙe. Za ka ga baƙaƙen duwatsu a jere kamar murhu babba, gindin rumbu ne. Kana tafiya, ba kana dawowa ba, su kasance ta gefen da zuciyarka ke bugawa. In ka ga ƙasa ta lotsa wuri-wuri ta bayansu, ramukana ne, kar ka bi su, ni ɓata na yi. Tsawon tafiyar, ka zura igiya cikin rijiyar har ta taɓa ruwa, ka ƙara abin da za ka naɗa a hannu, shi ke nan. Ka tona a hankali, tulu ne, yana fashewa.

"Abin da ke ciki ba zai tsira ba, kar ka wahalar da kanka. Ka dai buɗe ka gani. In gara ta bar wani abu, ka zuba a tafin hannu ka hure tokar. Haka geronmu yake.

"Yaya, batun dutsen nan ban tabbata ba sosai, waige ɗaya na yi mashi muna gudu. In kin fi ni tunawa ki gyara mashi."